Yadda ake auna bambancin waken ƙauyuka da alamomin DNA, daga gona har kwamfuta

Duk shekara sai ɗalibi ya zo min da irin wannan maganar: Malam, na samo Ɗan Ila da Kanannado da wasu iri biyar daga kasuwa, ina so in yi musu gwajin DNA in ga bambancinsu. Tambayar farko da nake masa ita ce, a wace gona aka noma su? Sai ya yi shiru. To a nan aikin yake mutuwa tun ba a kunna injin PCR mai ninka guntun DNA ba, shi ya sa a wannan jagorar zan fi daɗewa a gona da wajen fassara sakamako, lab ɗin kam duk wanda ya bi ƙa'ida zai iya.

Na zaɓi wake ne saboda shi ne namu, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye da ita, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana ajiye da samfur ɗinsa sama da 15,000. Amma tsarin ɗaya ne ko gero kake so ko dawa ko kaɗanya, inda ya bambanta zan faɗa.

Me ake aunawa tukuna

Ido yana yaudara. Iri ɗaya in ka shuka shi a jigawa ka shuka a fadama sai ka rantse biyu ne, tsawo daban, lokacin fure daban, gashi kuma manoma suna iya kiran iri ɗaya da suna uku ko su kira iri uku da suna ɗaya don kawai dukkansu farare ne masu baƙin ido. DNA ba ruwansa da taki ko ruwan sama. Alamar gado wani gurbi ne sananne a jikin DNA wanda tsirrai suke bambanta a kansa, kowane salo na wannan gurbin ana ce masa alil. Wake yana da kuromozom 22, wato 11 daga kowane ɓangare, don haka kowace shuka tana ɗauke da alil biyu a kowane gurbi, ko iri ɗaya ko daban-daban. Aikinka gaba ɗaya ƙirga waɗannan alil ɗin ne, sannan ka tambaya: bambancin nan a cikin ƙauye ɗaya yake ko tsakanin ƙauye da ƙauye?

Mataki na farko: ɗibar samfur

Ka fara yanke shawarar abin da kake kira rukuni, ka rubuta shi a takarda kafin ka hau mota. Ƙauye ne? Ƙaramar hukuma? Yankin damina, wato Sahel da Sudan da Gini? Ko sunan iri? Ba daidai ba ne ka ɗebo bayan haka ka zo kana raba su yanda sakamako zai yi kyau.

Kasuwa kuma ka bar ta, sai dai in kasuwar ce abin bincikenka. Buhu ɗaya a Dawanau zai iya haɗa waken gonaki goma daga jihohi uku har da na Maraɗi, mai shago ba ƙarya ya yi maka ba da ya ce Ɗan Ila ne, shi launi da girman ƙwaya ya sani. Ka je wajen manomi, ka gaida mai gari tukuna ka faɗa masa abin da ya kawo ka, sannan ka tambayi manomin inda ya samo irin, na gado ne, na maƙwabci ne, ko sayowa ya yi bara da rumbu ya ƙare, ko kuwa malaman gona ne suka raba. Wannan amsar ka rubuta ta, wallahi ita za ta cece ka a babi na biyar na kundin bincikenka.

Adadi: masu harkar SSR, alamar da zan yi bayaninta a mataki na biyu, sun daidaita a kan shuka 25 zuwa 30 a kowane rukuni in ana son yawan alil ya fito daidai. In kuɗi sun gaza gara ka rage yawan ƙauyukan ka bar 20 a kowanne da ka yi ƙauye 15 da shuka uku-uku, shuka uku ba rukuni ba ne. A cikin gona kar ka tsinki na jere, ka yi tafiya kana karkacewa, taku goma ko sha biyar tsakanin shuka da shuka, kuma in irin mai yaɗo ne ka bi jijiyar har gindi ka tabbatar ba shuka ɗaya kake tsinka sau biyu ba, wannan kuskuren yana faruwa fiye da yadda ake faɗa. Ka ɗau lambar GPS da wayarka a kowace gona.

Hanya biyu ce ta kawo samfur. Ko ka karɓi kwanso ɗaya daga kowace shuka ka zo ka shuka a tukwane, bayan sati biyu zuwa uku ka tsinki sabon ganye, wannan ta fi sauƙi kuma DNA ɗin ya fi tsafta. Ko ka tsinki ganye a gonar ka busar da silika jel. In ta biyun ce, ɗanyen ganye na kan toho za ka ɗauka mara cizon ƙwari mara tabon cuta, ka yayyaga shi ƙanana, ka sa a leda mai zif da silika kamar ninki goma na nauyin ganyen. Silikar nan mai shuɗi in ta sha danshi sai ta koma ruwan hoda, da ka ga haka ka canza, za ka iya gasa ta a oban ta dawo. Ganyen ya bushe ƙarau cikin kwana ɗaya, in ka taɓa ya karye kamar kuka busasshiya to ya yi. In ya yi baƙi ya yi laushi ka zubar kawai. Kar ka shanya a rana, kar ka bar ledar a dashbod ɗin mota.

Kuma don Allah kar ka haɗa ganyen shuka goma a leda ɗaya da sunan rage kuɗi sannan ka zo kana lissafin yawan alil, in an gauraya ba a san wa ke da me ba.

Mataki na biyu: wace alama

Akwai su da yawa amma ba duka suka cancanci kuɗinka ba. RAPD ta fito 1990, arha ce, ba ta buƙatar sanin komai game da shukar, matsalarta yau ka yi ka ga layi bakwai a jel ɗin da ke raba DNA bisa tsawo, gobe ka maimaita ka ga biyar, mujallu da yawa sun daina ɗaukarta da muhimmanci. ISSR ta fi ta tsayuwa kaɗan. AFLP ta 1995 tana ba da layuka masu yawa amma aiki gare ta. Dukkan ukun nan lalurarsu ɗaya, akwai layi ko babu kawai suke nunawa, ba sa bambance shuka mai alil iri ɗaya biyu da mai alil daban-daban.

SSR ita nake ba ɗalibi shawara. Wani ɗan guntun DNA ne da yake maimaita kansa, kamar CA CA CA, wata shukar sau 10 wata sau 14, to tsawon ne yake bambanta, kuma tana nuna alil biyun duka. Na wake an riga an ƙirƙiro firaimominsu, wato ƴan guntayen DNA da ke nuna wa PCR gurbin da zai ninka, akwai jerin VM da aka wallafa tun 2001 da hannun masana IITA, ba sai ka ƙera naka ba. Ka sayi kamar 30, ka gwada su a kan shuka takwas da suka fi nisa da juna, ka riƙe 15 zuwa 20 da suka fito tsaf kuma suka nuna bambanci, ka duba kuma kar su taru a kuromozom ɗaya. In akwai tallafi mai kauri sai a tafi SNP, wato bambancin harafi ɗaya a jikin DNA, akwai faifan wake mai alamomi 51,128, akwai kuma DArTseq da ake aikawa Kanbera a Ostireliya, amma fitar da samfur waje yana buƙatar takardun izini, ka fara neman su da wuri.

Mataki na uku: fitar da DNA

Hanyar CTAB, wani sinadari mai fasa ƙwayoyin ganye, ta Doyle da Doyle ta 1987 har yau ita ce ta talaka. Bafar: CTAB kashi 2 cikin 100, Tris 100 mM a pH 8, EDTA 20 mM, gishirin NaCl 1.4 M, sai ka ɗiga makaftoyitanol kashi 0.2 cikin 100 a ranar aiki, da ɗan PVP. Makafton nan warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a cikin akwatin zuƙe iska ake buɗe shi.

Ka niƙa busasshen ganye kamar miligiram 20, ko ɗanye miligiram 100, a ɗan turmin lab har ya zama gari. In akwai ruwan naitirojin madalla, in babu ɗan yashi wankakke da aka dafa a otokilef yana taimakawa. Ka zuba bafa mai ɗumi kamar maikurolita 700, ka sa a ruwan zafi na 65°C na minti 30 zuwa awa ɗaya kana juya tub ɗin lokaci-lokaci. In ya huce ka ƙara kulorofom da aisomil, 24 da 1, daidai yawan ruwan, ka jujjuya a hankali banda girgizawa, ka sa a injin juyi minti 10. Zai rabu uku: ƙasa kore, tsakiya wani farin datti, sama ruwa garau. Na saman kaɗai kake so, kuma kar kwaɗayi ya sa ka kai bakin fifet kusa da farin dattin, gara ka bar kaɗan. Sai aisofurofanol mai sanyi kamar biyu bisa uku na abin da ka ɗebo, firiza minti 30, a sake juyawa, za ka ga ɗan farin ɗigo a gindin tub. Ka wanke da itanol kashi 70 sau biyu, ka bari ya sha iska, ka narkar a TE, ruwan ajiye DNA, da ɗan RNase mai cinye RNA.

In ɗigon ya ƙi narkewa yana ja kamar yauƙin kuɓewa, sitacin ganye ne ya biyo, yawanci tsohon ganye ke jawo haka, ka maimaita kulorofom ko ka ƙara gishiri. Wani abu kuma da ya taɓa cin ni: na rubuta lamba a murfin tub 48 da maka, wajen wanki itanol ya zubo ya share rabinsu, sati guda na aiki ya tafi a banza ina kallo. Tun daga ranar ina rubutawa a murfi da gefe, kuma ina zana jerinsu a littafi.

Ka duba inganci kafin ka ci gaba. A NanoDrop, na'urar auna tsaftar DNA, 260 bisa 280 ya zama kusan 1.8, 260 bisa 230 kusan 2. Ka kuma gudu da shi a jel na agaros kashi 0.8, layi ɗaya mai kauri a sama ake so, in ka ga ya zuba kamar an ja tsintsiya to ya farfashe. Sai ka tsarma kowa ya dawo daidai, nanogiram 20 zuwa 25 a maikurolita. Ka raba kowanne gida biyu, na aiki da na ajiya a firiza daban, don ranar da aka ɗauke wuta kwana uku janareta ba mai.

Mataki na huɗu: PCR da jel

Haɗin maikurolita 10 ya isa: 5 na masta miks, rabi-rabi na firaima ta gaba da ta baya, 1 ko 2 na DNA, sauran ruwa. Zagayen da aka saba: 94°C minti 4, sai zagaye 35 na 94°C daƙiƙa 30, wajen 55°C daƙiƙa 30, 72°C minti 1, a rufe da 72°C minti 7. Wancan 55 ɗin ba doka ba ce, kowace firaima da zafinta, in layuka sun yi yawa barkatai ka ɗaga, in ba komai ka sauke. Kullum ka bar rami ɗaya da ruwa zalla ba DNA, in layi ya fito a nan to wani abu ya gurɓata, a zubar a sake.

Wajen jel ne ake yaudarar kai. Bambancin alil na SSR zai iya zama harafi biyu kacal, 150 da 152, agaros na yau da kullum ba ya ganin wannan, sai ya haɗe maka alil uku su zama ɗaya ka rubuta cewa waken Arewa ba shi da bambanci alhali jel ɗinka ne makaho. A yi foliyakirilamaid kashi 6 ko 8, ko a aika wa masu injin kafilari. Ka sa tsanin awo, wato DNA mai sanannen tsawo da ake gwada layuka da shi, na 50 ko 100 a gefe biyu, ka kuma sa shuka ɗaya sananniya a kowane jel, misali IT97K-499-35 wadda da ita aka karanta jinom ɗin wake, don ka iya haɗa jel na Litinin da na Alhamis. Akirilamaid kafin ya daskare guba ne ga jijiya, itidiyam buromaid shi ma ba abin wasa ba, safar hannu dole.

Wajen karantawa, girman layi za ka rubuta, biyu ga kowace shuka: 150/150 in layi ɗaya ne, 150/156 in biyu ne. SSR tana da wata inuwa mara ƙarfi da ke bin babban layi a ƙasa kaɗan, ba alil ba ce. Wanda bai fito ba ka sa 0 a matsayin ba bayani, kar ka cike da zato. Ka maimaita kashi 10 na samfur ɗin ba tare da ka duba amsar farko ba, ka ba abokinka shi ma ya karanta hotunan, inda kuka saɓa ku koma.

Mataki na biyar: lissafi

GenAlEx manhajar lissafi ne na kyauta, cikin Excel yake zama, shi zai yi maka kusan komai. Amma ka yi gurbi ɗaya da hannu tukuna don ka san me yake yi. Ga misali na ƙirƙira. Shuka 20, alil 40 kenan. A ta fito 20, B 12, C 8, wato 0.5, 0.3, 0.2. Ka ninka kowanne da kansa: 0.25, 0.09, 0.04, jimla 0.38. Ka cire daga 1, saura 0.62, wannan shi ne He na Nei, wato in ka zaro alil biyu da ka, sau nawa za su bambanta. PIC ɗin wannan gurbin, wato ma'aunin amfanin alamar, zai kama 0.55, kuma tun ma'aunin Botstein na 1980 duk abin da ya haura 0.5 alama ce mai amfani sosai, ƙasa da 0.25 kuwa ba ta faɗin abin kirki.

Yanzu a ce cikin 20 ɗin biyu ne kawai masu layi biyu, Ho, wato kason shukokin da ke da alil daban-daban, ya zama 0.10. F, ma'aunin auren zumunci, shi ne 1 a cire 0.10 bisa 0.62, kusan 0.84. A nan ɗalibai suke firgita su rubuta wai iri yana cikin haɗari saboda auren zumunci. A'a. Furen wake yana yi wa kansa barbara tun kafin ya buɗe, ƙudan zuma kaɗan suke ketarawa da shi, don haka Ho ƙarami shi ne ɗabi'arsa. In ma ka ga Ho na 0.5 a wake ka zargi tub ɗinka, wataƙila ganye biyu sun haɗu. Gero kuwa akasin haka, macen furen ke riga fitowa, iska ta kwaso garin namiji daga gonar maƙwabci, in ka sami F na 0.84 a gero to akwai matsala, ko alil ɗin da firaima ba ta kamawa ne. Masu son yin aikin a kan bishiyar kuka su sani ita kwafi huɗu na kuromozom take da shi ba biyu ba, wannan lissafin ba ya hawanta kai tsaye.

Sai bambanci tsakanin rukuni, FST. Misali ƙauye biyu, alil A tana 0.8 a ɗaya, 0.4 a ɗayan. He na farko 0.32, na biyu 0.48, matsakaici 0.40. In ka zuba su a kwano ɗaya A ta zama 0.6, He 0.48. Ka cire 0.40 daga 0.48 ka raba da 0.48, ya ba ka 0.17. A ma'aunin Wright ƙasa da 0.05 kaɗan ne, zuwa 0.15 matsakaici, zuwa 0.25 babba, sama da haka babba ƙwarai. AMOVA ita ke raba wannan cikin kashi, nawa ne tsakanin yankuna, nawa tsakanin ƙauyuka, nawa cikin ƙauye, ka sa ta maimaita 999 don ka sami ƙimar p mai nuna ko sakamakon dace ne kawai. Akwai wani Nm da manhajar ke fitarwa daga FST a ce yawan ƙaurar iri ne, ni ba na son ganinsa a aikin wake, sharuɗɗan da aka gina shi a kai ba su dace da shukar da ake ɗauka a buhu a bayan a-kori-kura ba.

In ka ga mafi yawan bambancin a cikin ƙauye yake ba tsakani ba, kar ka ɗauka aikin ya lalace. Koma littafin gonarka. Manomin da ya ce a kasuwar Laraba ya sayo, matar da ta taho da irin gidansu da aka kawo ta aure, wanda ya ci rani ya dawo da mudu biyu, su ne bayanin. Gwajin Mantel zai nuna maka ko nisan kilomita yana tafiya da nisan gado, shi ya sa na ce ka ɗau GPS.

Don hoto, PCoA a GenAlEx da bishiyar dangantaka a DARwin, a sa butstiraf, wato gwajin ƙarfin rassa, sau 1,000, reshen da bai kai 50 ba kar ka gina labari a kansa. Manhajar STRUCTURE ta 2000 kowa yana son launukanta, ana gwada K, wato yawan rukunonin gado, daga 1 zuwa 10 kowanne sau 10 a zaɓa da hanyar Evanno ta 2005, amma abu biyu: hanyar Evanno ba ta iya cewa K ɗaya ne ko da shi ne gaskiya, kuma manhajar tana ɗauka barbara a buɗe take wanda a wake ba haka ba. Ka haɗa da wata hanyar rarraba rukuni, DAPC, a cikin manhajar R, in sun yarda da juna sai ka yarda.

Kafin ka rufe: ragowar ƙwayar kowace shuka ka busar ka sa a ambulan da lambarta iri ɗaya da ta tub, hotunan jel na asali da fayil ɗin Excel ka ajiye wuri biyu har da imel ɗinka, sannan ka tuntuɓi NACGRAB, cibiyar ajiyar iri ta ƙasa a Ibadan, ko sashen wake na cibiyar binciken noma ta IAR Samaru ko za su karɓi kwafin irin, tare da sunan ƙauye da sunan da manomin ya kira shi.